Zauren Masu Karatu: Yadda Ake Gane Tsofaffin Kayan Ado

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo yawancinsu daga Bauchi da Gombe suke, kuma kusan dukansu a kan abu guda suke magana, wato tsofaffin kayan adon da aka gada a ɗakin iyaye ko aka saya a hannun dillalai. Mun taƙaita wasu daga cikinsu, mun kuma sakaya sunayen masu su, domin bai kamata a shelanta gidan da ake ajiye da azurfa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakarmu mun sami wata sarƙa a cikin adakarta, an rataya mata wani babban kuɗin azurfa mai hoton mace a fuska ɗaya da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya fuskar, kuma an rubuta 1780 a jikinsa. Tare da ita akwai sulalla shida masu hoton bishiyar kwakwa da aka yi wa hanci, da mundaye biyu masu nauyi. Wani ya ce mana sarƙar ta haura shekara 240, kuma kuɗinta zai sayi gida. Shin gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta, Unguwar Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Kuɗin da ka kwatanta shi ne liyari, dalar Mariya Tareza, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka ɗauki shekarar da ke jikinsa a matsayin shekarar da aka buga shi. Matar da ke jiki sarauniyar Ostiriya ce wadda ta rasu a 1780. Da yake fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasashenmu sun riga sun amince da wannan kuɗi, kuma ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, sai masu bugawa suka ci gaba da fitar da shi da shekarar rasuwarta, ba su sake canza ta ba. An daɗe ana buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, sannan tsakanin shekarun 1930 da farkon shekarun 1960 aka buga miliyoyinsa a Roma da Landan da Bombay da wasu birane, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana yana fitar da sabo fil mai ɗauke da 1780.

Wannan bai hana naku ya zama tsoho ba. Liyari ya daɗe yana shigowa ta hanyar Sahara daga Tarabulus zuwa Barno da Kano, kuma lokacin da Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500. Alhazan da suka je Makka a ƙasa ta Sudan su ma sun riƙa dawowa da shi. Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne ko na bugu ne ko na zubi. Na ainihi nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗigo, faɗinsa kimanin santimita 4, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce, kuma a gefensa akwai rubutu mai tudu da ya kewaye shi. Wanda aka kwaikwaya ta hanyar danna na ainihi a cikin yashi ko yumɓu a zuba ƙarfe yakan fito da haruffa masu dishi-dishi, da ƙananan ramuka a fuska, rubutun gefen ya ɓace ko a ga sawun magagari a wurinsa, sannan yakan gaza na ainihi a faɗi da nauyi.

Shekarun da sarƙar ta yi a wuyan mutum kuwa, a hancin da aka liƙa wa kuɗin ake karanta su. Ka ɗaga shi zuwa haske ka duba saman hancin ta ciki, inda zare ko sarƙa ke gogawa. Idan an daɗe ana sa shi, za ka ga wurin ya sirance fiye da sauran, har ramin ya bar da'ira ya ɗan miƙe sama, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. Za ka kuma ga fuskar da ke kwanciya a ƙirji ta fi ɗaya fuskar shafewa, kuma shafewar a wurare masu tudu take, kamar kumatun matar da gashin kanta, yayin da lungunan haruffa ke riƙe da baƙinsu. Ana iya baƙanta sabon ƙarfe cikin kwana biyu, amma wannan cin da zare ke yi a wuri guda yana da wuyar ƙirƙira.

Sulallan nan shida da ba a kula da su ba sun fi liyarin faɗin gaskiya, domin shekarar da ke jikinsu ita ce shekarar bugunsu. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, aka fara fitar da sule da fataka masu bishiyar kwakwa a 1913, kuma har zuwa 1920 na azurfa ne. Daga nan aka koma buga su da wani haɗin tagulla mai ruwan ɗorawa. Idan naku farare ne, shekarunsu kuma tsakanin 1913 da 1920, azurfa ce, sule ɗaya yana da nauyin giram 5.6 da ɗoriya. Ka duba wanda shekararsa ta fi kusa da yau cikin shidan, domin idan an jera su ne lokaci guda, to ba a yi jerin kafin wannan shekarar ba, ko da yake ana iya yin sa shekaru da yawa bayanta.

Game da mundayen, a da mai son munduwa shi yake kai wa maƙerin fari kuɗin azurfa a narka masa, kuma sau da yawa akan ƙara jan ƙarfe don ta yi ƙwari ko don ta yi auki, saboda haka tsohuwar azurfar gida ba ta da ma'auni guda. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma kuma ba ya kama tagulla ko goran ruwa, don haka gwajinsa bai isa hujja ba. Gwajin da ya fi shi, kuma ba ya ɓata kaya, shi ne na ruwa. A auna munduwar a sikelin masu sayar da zinare a rubuta nauyinta. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da lambarsa sifiri, a ɗaure munduwar da zare a zura ta cikin ruwan har ta nutse, ba tare da ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da sikelin ya nuna a wannan hali, da ita za a raba nauyin farko. Idan munduwa ta auna giram 102, sikelin kuma ya nuna 10 a cikin ruwa, sakamakon 10.2 ne, kuma azurfar kirki a nan take faɗawa, tsakanin 10 da 10.5. Tagulla da farin ƙarfen nan da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, ba sa kai 9, goran ruwa kuwa 2.7 ne. Gwajin ba ya aiki a kan munduwa mai rami a ciki. Idan kuma ka ga an buga 925 a jiki, wato lambar da ke nuna ma'aunin azurfa, to ka san ba aikin tsofaffin maƙeranmu ba ne, domin su ba sa buga lamba.

Batun sayen gida kuwa, a ajiye shi gefe. An buga liyari ɗaruruwan miliyoyi, kuma farashin mafi yawansu bai wuce na azurfar da ke ciki da yawa ba, wato kimanin giram 23. Shawarata ita ce, tunda kayan gado ne, a yi musu kuɗi a dunƙule, ɗaya daga cikin magada ya riƙe ya biya sauran haƙƙinsu, maimakon a tsinka sarƙar kowa ya ɗauki sule ɗaya, ko a kai wa mai narkawa ya saya da awo.

Tambaya: Ina da wani jerin duwatsun wuya da mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, ita ma ta ce a wurin uwarta ta samu. Akwai ƙanana jajaye da muke kira murjani, akwai kuma dogaye masu ruwan hanta da ratsin fari da muke kira tsakiya. Na nuna wa wata dillaliya, ta ce duk kwalba ce, ta taya su da arha. Raina bai kwanta ba. Daga wata uwargida, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Hajiya, kin kyauta da ba ki sallama ba, domin mai taya kaya ba shi ya kamata ya yanke musu daraja ba. Ki samu madubin da ke ƙara girman abu, ko ki ɗauki hoto da waya ki buɗa shi, ki zauna inda hasken rana yake, ki bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Kada ki yanke wa jerin hukunci guda, saboda iyayenmu mata sun saba sake zare idan ya tsinke, su cike gurbin wanda ya ɓace da abin da suka samu a kasuwa, shi ya sa akan tarar da dutsen ƙarni na 19 kusa da na shekarun 1960 a zare ɗaya.

Murjani na ainihi a cikin teku yake tsirowa, kuma jan da aka sani a nan daga Bahar Rum ake ciro shi, a gyara shi a Italiya, musamman a garin Torre del Greco kusa da Nafoli. Alamarsa ta farko wasu siraran layuka ne da ke bin tsawon ƙwayar a jere, waɗanda ba a cika ganinsu da ido kawai ba. Ba ya barin haske ya ratsa shi, jansa ba ya zama iri ɗaya daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma akan sami ɗan tabo fari ko ƙaramin rami nan da can. Idan ya guntule, wurin yakan fito a dushe, ba ya ƙyalli. Akwai kuma wani farin murjani mai arha da ake rinawa ja, wanda ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan. Shi ana gane shi idan aka leƙa cikin hudar aka ga fari, ko aka ga rinin ya taru a tsagu, ko aka goga auduga da ruwan goge jan farce a wani ɓoyayyen wuri ta ɗauko ja. Wasu kan ɗiga ruwan lemon tsami su ga ko zai yi kumfa. Gaskiya ne murjani yana kumfa, amma tsamin yana cin fuskarsa ya bar tabo, kuma rinannen ma yana kumfa, don haka ban ga amfanin wannan gwaji ba.

Kwalba kuwa tana da shaidu uku da ba sa ɓuya. Akwai ƙananan kumfar iska da suka maƙale a ciki, akwai guntulewa mai ƙyalli da kaifi, sannan akwai siririn layin da ya kewaye ƙwayar idan a mazubi mai baki biyu aka matse ta. Wannan layi shi ne tambarin kayan Bohimiya, a ƙasar Cek ta yau, inda masana'antun garin Jablonec suka ƙware wajen kwaikwayon murjani da tsakiya don kasuwannin Afirka. Idan kuma kin ga ƙwaya ja a waje amma fara a kewayen hudar, kuma iyakar jan da farin ta fito sarai, wannan gilashi ne mai hawa biyu irin wanda aka riƙa yi a birnin Benis na Italiya tun ƙarni na 19.

Tsakiya dutse ce, ta fi kwalba ƙarfi, tana da sanyi idan aka ɗora ta a kumatu kuma tana jinkirin ɗaukar ɗumi, ratsinta kuma ya shiga har cikin jiki, ba iri ɗaya ba ne a kowace ƙwaya. Wurare biyu suka fi kawo ta. Na farko Kambat ne a jihar Gujarat ta Indiya, inda aka shafe ƙarnuka ana wannan sana'a, kuma aikinsu ana gane shi da kusurwoyin da ba su daidaita sosai ba, da huda da aka yi daga ɓangarori biyu, ta yadda idan aka zura tsinke sai a ji ya ɗan tuntuɓe a tsakiya inda hudojin suka haɗu. Na biyu Idar-Oberstein ne a Jamus, wanda tun ƙarni na 19 yake sayo dutsen daga Barazil, ya gyara launinsa, ya yanka shi da kusurwoyi daidai wa daida da sheƙi mai ƙarfi. Akwai kuma jan dutse na kusa da gida, wato lantana, wanda fataken Hausawa ke kai ɗanyensa Ilori a huda shi a goge. Shi ba ya barin haske ya ratsa shi ko kaɗan, tsakiya kuwa tana ɗan bari idan aka haska mata tocila ta baya. Na Bida, aikin Masaga masu sana'ar gilashi na garin, gilashi ne da ake narkawa daga kwalabe, ƙwayoyinsa ba sa zama girma ɗaya, kuma akan ga baƙi a cikin hudar daga sandar ƙarfen da aka naɗa shi a kai.

Ko dutse ne ko kwalba, tsufa a bakin huda yake. Wanda aka daɗe ana sawa bakinsa ya yi sumul, wani lokaci zare ya ci gefe ɗaya, kuma kawunan ƙwayoyin da ke maƙwabtaka sun goge juna har sun kwanta. Sabo bakinsa da kaifi, wani lokaci har da farar ƙurar huda a ciki. Idan ma ta tabbata wasu daga cikin naki kwalba ce, wannan bai mayar da su abin yarwa ba, domin gilashin Benis ko na Bohimiya da ya shekara ɗari shi ma tsohon kaya ne da masu tarawa ke nema, kuma dillalai sun san da haka.

Tambaya: Na sayi wasu manyan duwatsu tara masu ruwan ƙwai a hannun wata Bafulatana a kasuwar Dukku. Ba su da nauyi kamar dutse, kuma an ce mini kahraman ne. Yaya zan tabbatar? Daga wani ɗan kasuwa, Kumo.

Amsa: Alhaji, kahraman ƙaron itatuwa ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tsawon miliyoyin shekaru, kuma rashin nauyinsa shi ne hanyar gwada shi. Ka zuba gishiri a kofin ruwa kana motsawa har ya daina narkewa, sannan ka zare ƙwaya ɗaya daga zaren ka saka. Na ainihi zai taso, amma mafi yawan manyan ƙwayoyin da ake samu a wuyan Fulani da kitsonsu nutsewa suke yi, saboda wata tsohuwar roba ce mai tauri, daga dangin wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a Amurka a 1907, wadda masana'antun Turai suka riƙa yin duwatsun ado da ita suna turowa Afirka tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Idan ka goga ta da ƙarfi a tafin hannu har ta yi zafi za ka ji warin magani irin na asibiti, kahraman kuwa ƙamshin ƙaro yake bayarwa. Tasowa kaɗai ba ta wadatar ba, domin wasu robobin zamani marasa nauyi su ma suna tasowa, sai dai su akan gan su da layin mazubi da launi bai ɗaya. Kada ka yarda a soka musu allura mai zafi, tabon ba ya gyaruwa.

Idan naka suka nutse, ba lallai ne matar ta cuce ka ba, wataƙila ita ma da wannan suna ta gaje su. Tsohuwar robar nan takan ƙara duhu da shekaru, ta koma ruwan zuma ko ruwan ƙasa, ta yi siraran tsagu a fuska, kuma tana da kasuwarta. Kuɗinta ne dai bai kai na kahraman ba.

Tambaya: Na fara tara tsofaffin mundaye da zobban tagulla, ina saye a kasuwannin ƙauye. Nakan zaɓi waɗanda suka fi baƙi da datti, a tunanina su ne tsofaffi. Wani abokina ya ce ana yi mini wayo. Daga wani ɗalibi, Azare.

Amsa: Ɗana, abokinka ya fi ka gaskiya. Tun da masu sayarwa suka fahimci baƙi ake nema, sai suka koyi yin sa. Ana binne sabon ƙarfe a turken dabbobi, ana shafa masa ruwan batir, ana turara shi da hayaƙi, ana kuma cusa masa man goge takalmi a lunguna. Baƙin da aka yi da gangan yakan rufe ko'ina bai ɗaya, har wuraren da ya kamata hannu ya goge, yakan kuma biyo farin ƙyalle idan aka goga, wani lokaci da warinsa. Munduwar da aka shekara ana sawa akasin haka take. Cikinta, inda take kwanciya a fata, ya yi santsi da haske, zanen da ke kan tudu ya shafe har wani wuri ya ɓace, gefunan da take karo da 'yar'uwarta sun dakushe, baƙin kuma ya rage ne kawai a cikin ramukan zane. Ka riƙa shafa cikin munduwa da yatsa kafin ka dubi bayanta. Idan ka ji kaushin magagari ko kaifi a baki, ba ta daɗe a hannun kowa ba.

Ka kuma san yadda ake ƙera su. A zubin kaki, maƙeri yana siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sannan ya fasa yumɓun ya fito da kayan. Tunda mazubin fashewa yake yi, babu biyu da za su fito iri ɗaya sak. Idan ka ga mai kaya ya baza guda biyar, kowace da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, to daga guda aka kwafe su. Irin ƙarfen ma yana iyakance shekaru. Goran ruwa bai yi arha a duniya ba sai bayan 1886, saboda haka duk abin adon da aka yi da shi a nan ba a yi shi kafin ƙarni na 20 ba, komai tsufan da aka ce ya yi. Ba kuma kowane farin ƙarfe na da ne azurfa ba, domin tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Ririwan Dalma, nan ƙasar Bauchi, ana fitar da ita a siraran sanduna fatake suna kai ta kasuwanni. Ƙarfen kuza yana da taushi, yana lanƙwasuwa da hannu, kuma a gwajin ruwan da na bayyana wa Malam na Jahun a 7.3 yake tsayawa.

Akwai wasu mundaye masu buɗaɗɗen baki da kawuna masu faɗi da ake yawan tallatawa da sunan kuɗin zamanin bayi. Yawancinsu a Birmingham ta Ingila aka zuba su, an yi ciniki da su a kudu maso gabashin Nijeriya har gwamnati ta janye su tsakanin 1948 da 1949, inda aka tattara fiye da miliyan 30. Tsofaffi ne, amma ba su da wuyar samu, kada ka biya su kuɗin abin da babu irinsa. A kayan Buzaye kuma, irin abin wuyan Agadas, sa hannun maƙeri a baya da haruffansu na Tifinag abu ne da ya yawaita bayan an fara ƙera wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Tambaya: Zan iya wanke tsofaffin awarwaro da 'yan kunnen azurfa da toka da lemon tsami don su yi haske? Daga wata amarya, Misau.

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Idan na sawa ne yau da kullum kuma ba su da wani tarihi, ki goge abinki. Idan kuwa na gado ne, ki bar toka da yashi da lemon tsami, domin suna kankare fuskar ƙarfen tare da shaidar shekarunsa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi sun isa, sannan a shanya su bushe sarai. Kada a ɗaure azurfa da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta ta. Murjani ba ya shiri da turare ko wani abu mai tsami. Idan kin ga wani kore mai haske yana fitowa kamar gari a jikin tagulla, wannan ci ne da ke ci gaba, ki ware ta daga sauran ki ajiye a busasshen wuri, musamman da damina. Layu da tandu da sauran kayan fata kuma a nisanta su da rana da iskar hunturu, kada kuma a farke ɗinkin laya don ganin abin da ke ciki. Idan wadda ta ba ki kayan tana raye, ki zauna da ita ki ɗauki muryarta a waya, ta faɗi wanda ya ƙera, da garin da aka saya, da bikin da aka fara sawa, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da hotonsu.

Tambaya: Wani abokina da ke zaune a Turai yana so in riƙa saya masa tsofaffin kayan ado ina aika masa. Akwai kuma wanda ya kawo mini duwatsu da zobban da ya ce a wani kufai ya tono su. Akwai matsala? Daga wani ma'aikaci, Bajoga.

Amsa: Akwai, Malam, kuma gara ka sani tun kafin ka sa kuɗinka. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ta ambaci kayan ado da kayan sarauta da makamai a cikin jerin. Haka nan abin da ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a wani bikin gargajiya, ko da bai kai waɗannan shekaru ba. Dokar ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba tare da izinin hukumar ba, ta kuma taƙaita sayensu ga wakilan da aka amince wa. Mutane da yawa da ke wannan harka ba su san da wannan sashe na biyu ba, kuma ya shafi ɗalibinmu na Azare kamar yadda ya shafe ka.

Kayan da aka tono sun fi kowanne haɗari. Haƙa don neman kayan tarihi sai da izini, kuma dutsen da aka ciro daga kufai ko tsohon kabari ba tare da masana sun ga zurfin da yake da abin da ke kewaye da shi ba ya rasa mafi yawan abin da zai iya faɗa game da mutanen wurin. Haka aka yi asarar wurare da dama na al'adar Nok, inda masu haƙa suka kwashe gumakan yumɓu suka sayar a waje. Kada ka saya, kuma ka shawarci mutumin ya sanar da hukuma inda ya same su.

Liyari da gilashin Benis da tsakiyar Jamus ba aikin gida ba ne, amma idan maƙerinmu ya haɗa su cikin sarƙa ko ya yi musu hanci, maganar tana iya sauyawa, kuma jami'in kwastan a filin jirgi ba zai tsaya tantance wannan da kai ba. Kafin ka aika da komai, ka ɗauki hoton kowane abu gaba da baya tare da ma'aunin tsawo a gefensa, ka rubuta inda ka same shi, ka kai wa jami'an hukumar. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ƙarƙashinta, kuma a can za su duba su gaya maka wanda za a iya ba shi takardar fita da wanda dole ya zauna a gida.